Yadda Ake Auna Kumburin Hanji da Hoton MRI, Daga Shiri Zuwa Karanta Sakamako

Kyamarar da likita yake turawa ta dubura don leƙen hanji tana bin babban hanji ne har ƙarshensa, sannan ta ɗan leƙa bakin ƙaramin hanji, santimita kaɗan, ta tsaya. Shi kuwa ƙaramin hanji ya kai kusan mita 6 a naɗe cikin ciki. Bayan haka, kyamara fuskar bango kawai take gani, ba ta san abin da ke cikin bangon ko bayansa ba. Nan matsalar take ga mai cutar Crohn, cutar da likita Burrill Crohn da abokan aikinsa biyu suka bayyana a 1932 a asibitin Mount Sinai na birnin New York. Ita wannan cuta ba ta tsayawa a fuska. Tana cin bangon hanji tun daga ciki har waje, kuma wurin da ta fi so shi ne ƙarshen ƙaramin hanji. 'Yar'uwarta, wato cutar gyambon babban hanji, fatar ciki kawai take taɓawa, daga dubura zuwa sama, don haka kyamara takan wadatar a kanta. Shi ya sa yawancin masu zuwa hoton hanji na MRI masu Crohn ne. A takardar likita za ka ga an rubuta MRE.

Akwai wani dalili kuma da ya sa ake zaɓen MRI. Cutar Crohn takan kama mutum yana saurayi ko budurwa, kuma zai yi ta komawa hoto shekara da shekaru. Hoton siti, wato CT, yana amfani da haskoki irin na eksire, waɗanda suke taruwa a jiki idan aka yawaita. MRI maganaɗisu ne da igiyoyin rediyo, babu wannan haske.

Mataki na 1: Tambayoyin da ake yi kafin ranar

Kafin ka biya kuɗi, ka tambayi wurin abu biyu: ƙarfin na'urarsu, da kuma ko suna yin hoton hanji na musamman. Aikin hanji yana son na'ura mai ƙarfin Tesla 1.5 ko 3. Ƙananan na'urorin nan masu buɗaɗɗen gefe suna iya ɗaukar gwiwa ko ƙashin baya, amma hanji mai motsi ya fi ƙarfinsu. Hoton ciki na gama-gari kuma ba shi ne MRE ba.

Su ma za su tambaye ka, kuma kada ka ɓoye komai. Maganaɗisun nan a kunne yake dare da rana, ko ba a ɗaukar hoto. Idan akwai na'urar daidaita bugun zuciya a ƙirjinka, ko na'urar ji da aka dasa a kunne, ko ƙarfen da aka ɗaure jijiyar ƙwaƙwalwa da shi, ka faɗa. Mai walda ko maƙeri da ƙarfe ya taɓa faɗa masa a ido, da wanda harsashi ko ɓarɓashinsa ya zauna a jikinsa, su ma su faɗa. Wasu na'urorin na zamani an ƙera su don su iya shiga, amma ma'aikatan ne za su tantance, ba kai ba.

Za a duba ƙodarka da gwajin jini, domin ƙoda ce take fitar da ruwan allurar da ake kira gadoliniyam. Idan lambar aikin ƙoda ta yi ƙasa da 30, likita zai sake shawara, ya canza nau'in ko ya bar shi. Mace mai juna biyu ta faɗa tun farko, don ba a cika ba ta wannan allura ba. Mai hawan jinin ido, mai ciwon zuciya, da dattijon da fitsari yake yi wa wuya saboda kumburin furosteti, su ma su sanar, saboda wata allurar da za mu zo kanta.

Mataki na 2: Wofintar da ciki, sannan a cika hanji da ruwa

Za a ce ka daina cin abinci awa 4 zuwa 6 kafin hoton. Mai ciwon suga ya nemi a sa shi da sassafe, ya kuma tambayi yadda zai yi da maganinsa.

Ka iso da wuri, aƙalla awa ɗaya kafin lokacinka, domin za a ba ka ruwa na musamman, lita 1 zuwa 1.5, ka shanye cikin minti 45 zuwa 60. Galibi ruwa ne da aka narkar da manitol a ciki, ko wani sinadari makamancinsa wanda hanji ba ya tsotsewa. Da ruwan famfo ne, kafin ya kai ƙarshen ƙaramin hanji jiki ya shanye shi. Wannan kuwa yana zama a ciki ya buɗe hanjin kamar yadda iska take buɗe tub ɗin keke.

A ganina nan ne rabin aikin yake, kuma nan ne mutane suka fi sakaci. Hanjin da bai buɗe ba bangonsa a takure yake, sai ya yi kauri a hoto kamar mai ciwo alhali lafiyarsa ƙalau. Haka kuma gyambo na gaske yana iya ɓuya a cikin lanƙwasar. Ka ga ke nan kuskuren yana iya zuwa ta kowane gefe: a ce kana da ciwo inda babu, ko a ce ka warke ba ka warke ba. Na'ura komai tsadarta ba ta gyara wannan.

Dabarar ita ce a sha a hankali ba tare da tsayawa ba, kamar kofi ɗaya duk bayan minti biyar ko goma. Idan ka kwankwaɗe shi tashi ɗaya, ciki zai cika ya dawo da shi. Idan ka yi ta kurɓa kana ajiyewa, na farko ya wuce kafin na baya ya iso, hanjin ya buɗe rabi-rabi. Ɗan zagayawa tsakanin kofi da kofi yana taimakawa. Idan ka ji tashin zuciya mai tsanani ko murɗawa, ka gaya wa nas, musamman idan an taɓa ce maka hanjinka ya tsuke. Wanda aka fitar wa hanji ta gefen ciki ya zo da jakar canji, don za ta cika da sauri. Idan kuma ranar ta faɗo cikin watan azumi, ka san cewa ba a yin wannan hoto ba tare da sha ba, sai ka shirya tun kafin a ba ka rana.

Mataki na 3: Cikin na'ura

A cire duk wani ƙarfe: zobe, agogo, waya, makulli, katin banki, 'yan kunne, fil ɗin hijabi, abin kama gashi, laya idan tana da ƙarfe a jiki. Mata su wanke kwalli, domin wasu kayan kwalliyar ido suna ɗauke da ɓurɓushin ƙarfe. Za a sa maka kanula a hannu, a ba ka abin toshe kunne, don na'urar tana da ƙara kamar ana bugun kwano da guduma.

Wurare da yawa suna kwantar da mutum rubda ciki, saboda hakan yana baje hanji yana rage motsin numfashi. Wanda ba zai iya ba sai ya kwanta rigingine. Za a ba ka ɗan abin matsawa a hannu idan kana son a tsaya.

Allura biyu ce. Ta farko Buscopan, ko gulukagon a wasu ƙasashe kamar Amurka, aikinta ta tsayar da motsin hanji na ɗan lokaci don kada hoto ya yi hazo. Ita ce ba ta jituwa da hawan jinin ido da wasu cututtukan zuciya. Ta biyu gadoliniyam, wadda take bin jini ta haska duk inda jini ya yi yawa. Muryar ma'aikaci za ta riƙa cewa ka ja numfashi ka riƙe, daƙiƙa 15 zuwa 20 kowane karo. Idan ba za ka kai ba, ka saki a hankali, kada ka yi ajiyar zuciya da ƙarfi. Duka-duka minti 30 zuwa 45 ne.

Mataki na 4: Abin da likitan hoto yake nema

Ba hoto ɗaya ake ɗauka ba, jeri ne, kowanne da abin da yake tonawa. Akwai wanda ruwa yake yin fari a cikinsa. Akwai wanda ake dusashe kitse don kumburi ya fito fili. Akwai mai auna yadda ƙwayoyin ruwa suke yawo a cikin nama, domin inda ƙwayoyin kumburi suka cunkushe yawon yakan ragu. Wasu wuraren har gajeren bidiyo suke ɗauka kafin allurar farko, su ga sashen da ya daina motsi.

Abu na farko shi ne kaurin bango. Hanjin da ya buɗe sosai bangonsa bai kamata ya wuce milimita 3 ba. Na biyu, jiƙewar bango: idan bangon ya yi haske a hoton da ruwa yake fari, alama ce ta kumburi mai rai. Na uku gyambo, wanda yake fitowa kamar ɗan rami a fuskar bango. Na huɗu, kitsen da ke kewaye da hanjin ya yi dishi-dishi maimakon ya fito tas. Akwai kuma alamar da ake kira ta mataji: jijiyoyin jini masu ciyar da sashen sun cika sun jeru kamar haƙoran mataji.

Daga nan sai abubuwan da kyamara ba ta cika gani ba, kuma su ne suke canza magani nan take. Akwai tsukewa, inda hanji ya matse, na bayansa ya kumbura ya wuce santimita 3. Akwai rami mai yoyo da ya huda daga hanji zuwa wani hanjin, ko mafitsara, ko fata. Akwai taruwar mugunya. Wanda yake da taruwar mugunya ba a fara masa magungunan danne garkuwar jiki irin su infiliksimab sai an zuƙe ta ko an magance ta. Idan yoyon a gefen dubura yake, hoton ƙugu na daban ake yi, ba a buƙatar shan ruwan nan.

Mataki na 5: Mayar da hoto lamba

Kalmar "ya ɗan yi sauƙi" ba ta isa a gina magani a kanta ba, shi ya sa aka ƙirƙiro ma'auni. Wanda ya fi shahara shi ne MaRIA, na Jordi Rimola da abokan aikinsa a birnin Basalona na Sifaniya, a 2009. Ana ninka kaurin bango da 1.5, a ƙara 5 idan akwai jiƙewa, 10 idan akwai gyambo, da ɗan ƙari gwargwadon yadda bangon ya ɗauki allura. Sashen da ya kai 7 cutar tana aiki a cikinsa, wanda ya kai 11 ta yi tsanani. Bango mai milimita 6 kaɗai ya ba da 9, idan kuma ya jiƙe an haura 11 ke nan.

Lissafin yana cin lokaci, don haka a 2019 aka fito da mai sauƙi: maki 1 ga kaurin da ya wuce milimita 3, maki 1 ga jiƙewa, maki 1 ga dishi-dishin kitse, maki 2 ga gyambo. Maki 1 yana nufin cuta mai aiki, 2 zuwa sama mai tsanani. Abin da na fi so game da shi shi ne ba ya buƙatar gadoliniyam, wanda hakan sauƙi ne ga mai ciwon ƙoda. Ba kowane rahoto yake kawo maki ba, amma kana iya roƙon likitanka ya nema.

Mataki na 6: Tambayoyi biyu da za ka kai wa likita

Ta farko: wannan tsukewar kumburi ce ko tabo? Kumburi yana jin magani. Tabo kuwa nama ne da ya riga ya ƙandare, sai dai a buɗe shi da balan-balan ta kyamara ko a yi tiyata. Bango mai kauri, mai duhu, mara jiƙewa ya fi kama da tabo. Sai dai yawancin tsukewa gauraye ne, kuma MRI ya fi ƙwarewa wajen ganin kumburi a kan auna tabo. Don haka ake haɗa shi da gwajin jini na CRP da gwajin bahaya na kalfurotektin, waɗanda dukansu alamar kumburi suke aunawa.

Ta biyu ta fi shafar mu a nan Afirka: an tabbata ba tibin hanji ba ne? Tarin fuka yana kama hanji, kuma wurin da ya fi so shi ne daidai mahaɗar ƙaramin hanji da babba, inda Crohn take zama. A hoto suna kama ƙwarai. Kaluluwa masu ruɓaɓɓen tsakiya, da ruwa a cikin ciki, sun fi karkata ga tibi, doguwar cuta mai tsallake-tsallake da alamar mataji da yoyon dubura sun fi karkata ga Crohn. Amma hoto kaɗai ba ya yanke hukunci. Dole a ciro ɗan nama ta kyamara a gwada, a kuma ɗauki hoton ƙirji, domin wanda yake da tibi aka ɗora shi kan maganin danne garkuwa, an buɗe wa cutar ƙofa ta bazu.

Idan MRI ya yi nisa ko kuɗinsa ya gagara, sikanin hanji a hannun ƙwararre ba abin rainawa ba ne. Binciken METRIC da aka yi a asibitoci 8 na Birtaniya kan mutum 284, aka wallafa a 2018, ya nuna MRI ya gano cutar a ƙaramin hanji kashi 97 cikin 100, sikanin kuma kashi 92. Wajen faɗin iyakar yaɗuwarta ne tazarar ta fi fitowa, MRI kashi 80, sikanin kashi 70.

Mataki na 7: Bayan ka fito

Ruwan da ka sha zai nemi hanyar fita, don haka gudawa ta 'yan awanni ba abin tsoro ba ce. Ka ɗan jira kusa da banɗaki kafin ka hau mota, musamman idan tafiyar gari zuwa gari ce. Buscopan yana busar da baki yana sa gani ya yi hazo na ɗan lokaci, kada ka tuƙa mota ko babur sai ido ya washe. Idan ido ya yi ja yana zafi, ka koma asibiti a ranar. Ka sha ruwa sosai, ka ci abincinka.

Ka karɓi faifan hoton, ba takardar rahoto kaɗai ba, ka adana shi tare da sakamakon gwaje-gwajenka. Idan aka fara sabon magani, akan sake hoton bayan kamar wata shida, kuma likitan hoto zai so ya jera tsohon da sabon ya auna sashe ɗaya a wuri ɗaya: bangon da yake milimita 7 ya koma nawa, jiƙewar ta tafi, gyambon ya rufe. Idan da hali, ka koma wurin da aka yi na farko, ka kuma sha ruwan daidai yadda ka sha a baya.