Yadda Ake Rage Zafin Ƙirji Bayan Tiyatar Ƙara Girman Nono

A Gusau ba a cika faɗin wannan aiki a fili ba, amma ana yi. Mace ta tafi Abuja ko Legas, wata har Masar ko Turkiyya, ta dawo ta ce wa mutanen gida ganin likita ta je. Hukuncin aikin na malamai ne, ban shiga wannan ba. Maganata da wadda an riga an yi mata ce, tana kwance ƙirji ya ɗaure, likitan da ya yi aikin kuma yana can wata uwa duniya. Mafi yawan abin da zan faɗa ya shafi har da wadda aka sake gina wa nono bayan an cire shi saboda ciwon daji.

Mataki na farko: ki samu mutum ɗaya da ya san gaskiya

Wannan na sa gaba da magani, domin ɓoyon ne ke jawo rabin wahalar. Wadda ba ta gaya wa kowa ba, ita ce za ta tashi ta tuƙa tuwo a kwana na huɗu don kada a zarge ta, ita ce kuma za ta aiki yaro kemis a maimakon ta kira likita. Mijinki ne, yayarki ce, ƙawa ce mai riƙe amana, ki zaɓi ɗaya. Shi zai riƙe lambar likitan, ya san lokacin magani, ya kwana kusa da ke aƙalla daren farko uku.

Mataki na biyu: ki san zafin da ake sa rai da shi

Kwana biyu zuwa uku na farko su ne mafi tsanani. Za ki ji kamar an ɗora miki buhun shinkafa a ƙirji, numfashi mai zurfi yana wuya, da safe kuma nonon ya yi tauri. Idan a ƙarƙashin tsokar ƙirji aka sa robar da ke ƙara girman nonon, zafin ya fi na wadda aka sa mata a saman tsoka, saboda tsokar ce ake miƙarwa da ƙarfi. Bayan mako guda yawancin mata sun fara samun sauƙi. Kumburi kuwa yana ɗaukar makonni kafin ya sauka.

Akwai wani zafin daban da ke zuwa daga baya: jin kamar an soka allura, ko raɗaɗi a kan nonon har riga ba ta taɓuwa, ko kuma wani wuri ya mutu ba kya jin komai. Jijiyoyin da aka taɓa ne ke farfaɗowa. Yakan ɗauki makonni, wani lokaci watanni.

Mataki na uku: magani bisa agogo

A kwanakin farko kada ki jira sai zafi ya kai ki ga kuka sannan ki sha magani. Ki sa ƙararrawa a waya, ki sha a kan lokacin da likita ya rubuta.

Farasitamol shi ne tushe. Babbar mace tana shan ƙwaya biyu masu miligiram 500 duk bayan awa shida, kada ta wuce ƙwaya takwas, wato giram 4, a yini da dare. Wadda nauyinta bai kai kilo 50 ba, ko mai ciwon hanta, sai likita ya rage mata. A nan ake yin kuskure: magungunan mura da yawa akwai farasitamol a cikinsu. Ki sha Panadol, ki ƙara da maganin mura, ki ƙara da haɗin kemis, kin ninka ba ki sani ba, kuma hanta ce ke biyan bashin. Haɗin nan da ake ƙulla ƙwayoyi huɗu ko biyar a farar leda, babu suna babu kwali, ki rabu da shi gaba ɗaya.

Ibuprofen yana rage kumburi sosai, amma sai likitan da ya yi aikin ya yarda, domin wasu likitoci suna hana shi a kwanakin farko saboda gudun zubar jini. Idan an yarda, bayan cin abinci ake sha. Mai olsa, mai ciwon ƙoda da mai asmar da irin wannan magani ke tayar mata, ba nasu ba ne. Kada a haɗa shi da diclofenac, danginsu ɗaya. Asfirin kuwa ki ajiye shi sai likita ya ce.

Idan an rubuta miki tramadol ko kodin, na kwanaki kaɗan ne. Mu nan mun ga abin da waɗannan magunguna suka yi wa matasa da matan aure, har gwamnatin tarayya ta hana maganin tari mai kodin a 2018. Ki sha iya abin da aka rubuta, kada ki haɗa da maganin barci irin su diazepam, kada ki tuƙa mota, in zafi ya sauka ki koma farasitamol. Mai shayarwa ta gaya wa likita tun kafin ya rubuta, saboda suna bin ruwan nono. Suna kuma busar da ciki, yunƙurin bayan gida kuwa yana ja har ƙirji. Ki yawaita ruwa, gwanda, kankana, zogale da miyar kuɓewa.

Mataki na huɗu: kwanciya da rigar nono

Rigingine za ki kwanta, da filo biyu ko uku a baya yadda kai da ƙirji za su ɗaga, ki sa ƙaramin filo ƙarƙashin kowane hannu. Ban da rubda-ciki na makonni. Wajen tashi kada ki dafa katifa da hannu ki tura jiki. Ki zuro ƙafafu ƙasa, wani ya tallafo bayanki.

Rigar nonon asibiti, mai maɓalli a gaba marar ƙarfe, ana sa ta dare da rana, yawanci kamar mako shida. A zafin Maris da Afrilu na Zamfara wannan jarrabawa ce, don haka ki mallaki biyu, ki wanke ɗaya ki sa ɗaya, ki riƙa duba ƙasan nono kada gumi ya zauna a kan ɗinkin. Rigar sawa ma ki nemi mai buɗewa ta gaba.

Mataki na biyar: sanyi, ban da gashi

Ga inda za a yi rigima da tsofaffi. Gwaggo za ta zo da tawul da ruwan zafi ta ce, “’Yar nan, bari in gasa miki, jini ne ya kwanta.” Ki ba ta haƙuri. Fatar wurin ba ta ji sosai, za ta iya ƙonewa ba ki sani ba, zafi kuma yana ƙara kumburi da zubar jini. Man zafi irin su Robb da Aboniki, da duk wani shafe-shafen gargajiya ko matsa nono da hannu, ba yanzu ba.

In likita ya amince da sanyi, ki naɗe ƙanƙara ko ledar ruwa mai sanyi a tawul, ki ɗora a saman ƙirji ko gefe na minti 15 zuwa 20, ki ɗauke. Kada ta taɓa fata kai tsaye, kada ruwan ya jiƙa bandeji.

Mataki na shida: motsi kaɗan, aiki babu

Tun ranar farko ki riƙa tashi kina zagaya ɗaki ko tsakar gida, domin dogon kwanciya na sa jini ya daskare a ƙafa. Amma daka, tuƙi, wanki, shara, jan guga, goyo da ɗaga yaro, duk a ɗage su kamar mako huɗu zuwa shida. Yaron da ya saba a ɗauke shi, ki zauna a miƙo miki shi kan cinya. Kada ki ɗaga hannu sama da kafaɗa a makon farko, ko da ɗaurin ɗankwali ne; a ɗaura miki. Idan ruku’u da sujada suna ja miki ƙirji, salla a zaune rangwame ne da addini ya yi wa marar lafiya. Shisha da taba suna hana ciwo warkewa.

Sai hanya. Daga Abuja zuwa Gusau ta Kaduna, Zariya, Funtua da Tsafe tafiya ce ta awanni, kuma kowane rami a ƙirji za ki ji shi. Kada ki kama hanya sai likita ya sake duba ki. Ki sha magani kafin a tashi, ki sa filo tsakanin bel da ƙirji, in an tsaya ki sauka ki taka. Cikin gari ma a ƙaurace wa Keke Napep na ɗan lokaci.

Mataki na bakwai: zafin da ba a jinyarsa a gida

Zafin tiyata kullum raguwa yake. Wanda ke ƙaruwa bayan kwana uku, ko wanda magani ba ya taɓa shi, na asibiti ne. Haka idan nono ɗaya ya kumbura ya fi ɗayan nesa ba kusa ba, ya yi tauri ya yi duhu cikin awanni kaɗan, alama ce jini na taruwa a ciki, kuma sau da yawa sai an koma ɗakin tiyata. Zazzaɓi da ya kai digiri 38, wurin ya yi ja ya ɗau zafi, ko ɗinki na fitar da mugunya mai wari, kada a ce maleriya ce a sayo magani. Ciwo da kumburi a sha-raɓar ƙafa ɗaya, ko numfashi ya riƙa sarƙewa, wannan ko tsakar dare ne a fita.

A Gusau akwai Cibiyar Lafiya ta Tarayya da Asibitin Ƙwararru na Yariman Bakura, in abin ya fi ƙarfinsu su tura ki Asibitin Koyarwa na Jami’ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato. Ki tafi da takardar sallama, da kwalayen magungunan da kike sha, da katin da ke ɗauke da sunan kamfanin robar da girmanta. Likita na tambaya ki ce, “Likita, aikin ƙarin nono aka yi mini ranar kaza, an sa roba,” domin kada ya kai allura wurin da zai huda ta. Katin nan ki adana shi da kyau, saboda ko bayan shekaru nono ya taurare yana ciwo, ko ya kumbura haka kawai, shi za a fara nema.