Kurakuran da 'yan keke ke yi in sun nufi dajin makiyaya

Samarin Tawa ta Nijar da yawa yanzu sun fara haɗa ƙungiya suna cewa za su taka keke kwana uku ko huɗu, su bi hanyar Agadas zuwa Tabalak da Abalak, wasu har su sauka kwalta su leƙa ruggage. Abin yana da daɗi, amma kuskuren da ake yi kusan iri ɗaya ne kullum.

Na farko lissafin hanya. Mutum zai ce Tawa zuwa Abalak ai bai kai kilomita 140 ba, yini ɗaya ya isa. Ya manta a hunturu iska daga arewa maso gabas take busowa, kai kuma can ka dosa, ma'ana tun hantsi tana dukan ƙirjinka har la'asar, ga kwaltar ta mutu a wurare da yawa ga kamiyo suna watso maka ƙura. Ku raba tafiyar biyu, ku kwana Tabalak bakin tabki, ku tashi da an sallame asuba kafin iska ta farka. Afrilu da Mayu kam kar ma a soma, zafi na kai digiri 45.

Ruwa kuma, gora ɗaya ta lita ɗaya da rabi wasa ce. Kowa ya ɗauki aƙalla lita 5, in da hali a samu mai babur ya biyo ku da jarka. Ruwan tabki dabbobi na shiga cikinsa, sai an tafasa ko an jefa ƙwayar tsabtace ruwa ta Aquatabs. Wanda ya fara ciwon kai ko jijiyar ƙafa na ɗaurewa a haɗa masa ruwa mai tsabta lita ɗaya da ƙaramin cokali 6 na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri.

Sai ƙaya. Da ka bar kwalta tsidau da ƙayar aduwa suna jiranka, kuma mai faci babu. Wasu su zo da siririyar tayar tsere don gayu, ba ta kai ko'ina. Taya mai faɗi, tub biyu a jaka, gam da famfo, kuma in ka yi faci ka shafa cikin tayar da yatsa ka ciro ƙayar, in ba haka ba sabon tub ɗin ma zai tafi. Kar a jingine keke ƙarƙashin itacen ƙaya don neman inuwa. Ƙarangiya kuwa safa take ci, ba taya ba.

Amma wanda ya fi ba ni haushi shi ne ɗaukar dajin kamar ba mai shi. Tun 1961 doka ta shata iyakar noma, arewa da ita wurin kiwo ne, kowace rijiya akwai masu ita kuma akwai layin shayarwa, wani tun dare yake jiran a zo kansa. Sai ka ga yara goma sun faɗo da kekuna suna ƙararrawa cikin garke, shanun Bororo masu dogon ƙaho ba su san keke ba, su watse, makiyayi ya yini yana tarawa. In kun hango garke ku sauka ku tura, ku zagaya ta gefe. A rijiya a yi sallama, a nemi babba, "Baba sannu da aiki, a taimaka mana da ruwa," ba a taɓa wasakin mutum sai ya ce. Rugga ma daga nesa ake tsayawa saboda karnukan Azawak ba su da wasa, in sun taso kar ka taka da gudu, ka sauka ka sa keken tsakaninku har mai gida ya fito. Kar a ɗauki hoton mata ba izini. In an ɗora shayi ku zauna a sha har kofi na uku, sukari da ganyen shayi a jaka sun fi kuɗi amfani a nan.

Wani kuskuren kuma masu ƙarfi su wuce su bar na baya. Rezon waya na ɗaukewa da an yi nisa da gari, ba za ka kira kowa ba, don haka mai kayan gyara shi ke zama ƙarshe, na gaba kuma ya tsaya duk inda hanya ta rabu.

Batun tsaro ba a yi masa gardama. Wajen Tiliya da iyakar Mali ba wurin yawon keke ba ne. Kafin ku tashi ku je wurin jandarma ku faɗi hanyarku da inda za ku kwana, kowa da katin shaidarsa a aljihu, in sun ce kar a wuce wuri kaza to a juya daga nan.