Kurakuran masu sayen mota mai fowil a Katsina, da yadda za a kauce musu

Duk shekara da zarar marka ta kankama a watan Agusta sai ka fara ganinsu a hanyoyin gona: ƙatuwar jif ta kafe har gindin ƙofa, mai ita ya naɗe ƙafar wando yana waya, ga Golf 3 ɗauke da buhuna da mutane ta ratsa ta gefe ta yi gaba abinta. Tambayar da mai motar ke yi ba ta sauyawa: "To ba fowil ba ce?" Na amsa wannan tambaya har bakina ya gaji, ga 'yan'uwa da abokan noma da waɗanda suka samu kuɗin sallama daga aiki suka ce sai jif. Bari in rubuta sau ɗaya kowa ya huta.

Abu na farko, fowil na nufin ja da ƙafa huɗu, kuma tsayin mota ba shi ne fowil ba. Highlander, RAV4, CR-V, Venza, Lexus RX 350, duk waɗannan iri biyu ake sayar da su a Amurka: akwai mai ja da ƙafa huɗu, akwai mai ja da ƙafafun gaba kawai, kuma daga waje kamarsu ɗaya. Tacoma da aka rubuta wa PreRunner an ɗaga ta sama, tana da ƙirar shiga daji, amma da baya kaɗai take ja. Haka 4Runner da yawa, haka ita kanta Hilux akwai marar fowil. Kada rubutun bayan but ya ruɗe ka, ana sayar da shi a Ƙofar Ruwa ta Kano, gam kawai ake sa masa. Ka shimfiɗa kwali ka kwanta ƙarƙashin motar, ko da kana cikin shadda. Idan irin su Highlander ce, ka nemi farfela, wato dogon ƙarfen nan da ya taso daga giyabos ya nufi baya, ka ga ya shiga aksul, aksul ɗin kuma ya raba hannu zuwa tayoyin biyu. Idan Hilux ce ko Tacoma, gaba za ka duba.

A nan ne aka taɓa cutata, kuma har yau idan na tuna raina ɓaci yake. Na sayi wata mota hannun dillali, ta hannu ce, an hau ta a nan gida. Takardunta fowil, aksul ɗin baya na nan, na leƙa daga baya na gani. "Alhaji, wannan ba ta san laka ba," in ji shi. Ruwan farko mai ƙarfi ya same ni tsakanin Mashi da gona, tayoyin gaba suka dinga watsa taɓo, na baya ko motsi. Da aka ciro ta da taimakon mutanen ƙauye aka kai gareji, sai ga tsakiyar motar fayau, babu farfela. Wani bakanike ya kwance ta tun zamanin mai motar na baya, wai tana ƙara, wai kuma ita ke sa shan mai. Neman wadda ta dace da motar ya kai ni Kano, da aka ɗaura kuma sai aka tarar abin da ke haɗa ta da aksul ya mutu saboda zama, shi ma sai da aka saya. Kuɗin da na kashe da ya ishe ni takin wannan shekarar.

Ku kuma masu gyara, ku ji tsoron Allah. Duk abin da ya gagare ku sai ku ce "cire shi, na Turawa ne." Haka kuke yi wa tamostat, haka kuke yi wa farfela, kuma tun da aka janye tallafin mai a watan Mayun 2023 wannan dabara ta ƙara samun kasuwa. Ragin man da ake samu bai taka kara ya karya ba, domin nauyin aksul da sauran tarkacen yana nan motar na ɗauke da shi. A wasu motocin ma, inda aka tsara ƙarfin ya rabu gaba da baya a kowane lokaci, cire farfela na ƙona abin da ke raba ƙarfin. Ƙarar da take yi yawanci boris ne na tsakiya ko mahaɗa, abin da ake canzawa a wuni ɗaya. Ni yanzu ba na biyan kuɗin mota sai na kai ta wurin rairayi, akwai shi birjik da an ɗan fita ta hanyar Kaita, in sa mutum ya tsaya a waje, in taka totur daga tsaye, ya faɗa mini ko tayoyin baya sun tono ƙasa. Dillalin da ya ce ba za a fita da ita ba sai an biya, na gode masa, sai wani jiƙon.

Sai kuskuren rashin sanin don me aka ƙera motar. Mafi yawan jif ɗin tokumbo masu alamar AWD, wato fowil mai shiga da kanta ba sai direba ya sa ba, an yi su ne don hunturun Kanada da arewacin Amurka. Can titi kwalta ne mai kyau, dusar ƙanƙara ce ke rufe shi ya yi santsi. Abin da direba ke buƙata shi ne idan tayar gaba ta zame wajen tashi daga danja ko hawan ɗan tudu, ta baya ta tallafa na 'yan daƙiƙoƙi. Wannan aikin suna yinsa da kyau. Amma rairayin Sandamu ko na Baure ba 'yan daƙiƙoƙi yake nema ba, tafiya ce mai nisa injin na nishi. Kulocin da ke tura ƙarfi baya sai ya ɗauki zafi, fitila ta fara ƙiftawa a gaban direba, motar ta koma ja da gaba kawai, daidai lokacin da ka fi buƙatarta. A RAV4 ta 2006 zuwa 2018 akwai maɓallin kulle fowil, amma da ka wuce gudun kilomita 40 a awa yake sakin kansa.

Ba cewa nake motocin banza ba ne. Wanda zirga-zirgarsa Katsina zuwa Daura ce, ko Kano, sai jefi-jefi ya sauka burji zuwa ɗaurin aure ko ta'aziyya, AWD ta ishe shi har da saura, kuma ta fi Hilux daɗin zama nesa ba kusa ba. Wanda kuwa ke da gona a fadama, ko yake tsallaka ƙorama, ko yake shiga baƙar lakar Bakori da Funtua da kaya a baya, ya nemi mai ƙaramar giya, wadda aka rubuta wa L4: Hilux, Prado, 4Runner, ko Pathfinder ta kafin 2013, domin daga wannan shekarar aka mayar da ita motar iyali. Shi kuwa wanda ya sayi Land Cruiser mai silinda takwas don zuwa sakatariya daga GRA, wannan ba neman shawara yake ba, Allah ya ƙara buɗi.

Yanzu ga wanda ya fi ƙona mini rai, domin motar lafiya lau take, hannu ne ke kashe ta: barin fowil a kunne a kan kwalta. Hilux da ire-irenta idan ka sa H4, wato ka kunna fowil, gaba da baya sun zama abu ɗaya, dole su juya daidai wa daida. Amma duk lokacin da mota ta sha kwana, tayoyin gaba sun fi na baya cin nisa. A kan rairayi ko taɓo ba matsala, taya za ta ɗan zame bambancin ya fita. A kan busasshiyar kwalta babu inda zai fita, sai ya taru a cikin ƙarafa kamar igiyar da ake ta murɗawa. Alamarsa sitiyari ya yi tauri wajen juyawa, tayoyi su dinga kuka, motar ta riƙa tirjewa, sandar fowil ɗin kuma ta ƙi fita. Wani yaro da ke tuƙa mini ya taɓa fitowa daga wani ƙauye bayan Daura, ya hau kwalta bai cire ba har Katsina, da taki a baya. Ya iso yana cewa, "Baba, motar nan yau nauyi take yi." Nauyi kuwa! Sarƙar cikin akwatin fowil ta miƙe, tayoyin gaba sun cinye ta gefe guda. Na tambaye shi ko bai ga koriyar fitila a gabansa ba, ya ce ya zaci ado ce. Tun daga ranar duk wanda zai riƙe mini makulli sai ya nuna mini da hannunsa yadda ake sawa da yadda ake cirewa.

Ƙa'idata mai sauƙi ce: tayar gaba na taɓa kwalta, a koma H2, wato a cire fowil. Idan ta ƙi fita kada ka yi kokawa da sandar, ka ja da baya a miƙe 'yan taku, za ta saki. L4 kuwa sai mota ta tsaya cak an sa ta a firi. Prado ba ta cikin wannan hukunci, ita kullum da ƙafa huɗu take tafiya kuma an yi mata abin da ke daidaita gaba da baya, sai dai tana da maɓallin kulle tsakiya, wanda shi ma haramun ne a kwalta. Akwai kuma masu kishiyar wannan cuta, waɗanda tun da suka sayi motar ba su taɓa sa fowil ba don kada ta lalace. Ranar da suka buƙata sai ta ƙi shiga. Littafin Toyota na irin su Tacoma da 4Runner cewa ya yi a yi tafiyar kilomita 16 da ita duk wata don mai ya zagaya. Ni ranar kasuwa nake yi, a kan burji.

Taya. Mutum zai kashe miliyoyi a mota ya tsaya ciniki a kan taya, alhali ita kaɗai ke taɓa ƙasa. Motar da ta taso daga Ontariyo ko Mishigan sau da yawa da tayar hunturu take zuwa. Ka duba gefenta, idan ka ga zanen dutse mai ƙololuwa uku da furen ƙanƙara a ciki, kuma fuskarta duk 'yan ƙananan tsage-tsage ne, ka sa ido. Ainihin tayar hunturu an yi robarta da laushi don sanyin da ya gaza digiri 7. Mu nan a watan Afrilu da Mayu ana haura 40 a inuwa, balle a kan kwalta. Ko hunturunmu da ake hura wuta da asuba, kafin azahar rana ta buɗe. Irin wannan taya kyan gani gare ta, zanenta cike, amma narkewa take, ga tsawaita birki. Ka kuma karanta lambobi huɗu na ƙarshe bayan rubutun DOT a gefen tayar: 2319 na nufin an ƙera ta a mako na 23 a 2019. Kada ka haɗa sabuwa da tsohuwa ko girma daban-daban a motar AWD, domin ita a ganinta wata taya na zamewa ne kullum, sai ta yi ta aiki har ta gaji. Huɗun nake canzawa tare, masu alamar A/T, wato na kwalta da burji duka. Masu manyan haƙoran nan na laka ban ga amfaninsu a arewacin jihar nan ba, a rairayi rami suke haƙa maka ka zauna ciki.

Iska ma haka. Mai faci zai ɗura maka 45 ko 50, ya buga da hannu ya ce ta yi. Adadin gaskiya na nan manne a jikin ƙofar direba. Idan zan shiga rairayi mai zurfi nakan rage zuwa wajen 20, tayar ta baje, motar da ke nutsewa sai ka ga tana tafiya a sama. Wasu na cewa na cika ragewa, to ni haka na saba, amma da famfo a but, kuma ba na hawa kwalta sai na mayar.

Motocin ƙasashen ƙanƙara suna da wani ciwo da ba a gani sai an kwanta: gishiri. Da shi ake narkar da ƙanƙarar titi, shi kuma yana cin ƙarfe. A 2016 Toyota ta amince da sasanci na kimanin dala biliyan 3.4 a Amurka kan tsatsar shasi a Tacoma ta 2005 zuwa 2010, Tundra ta 2007 zuwa 2008 da Sequoia ta 2005 zuwa 2008. Ka je da ƙaramar guduma ka ƙwanƙwasa shasin, musamman kusa da tayoyin baya, ka duba bututun birki. Sabon baƙin fenti a ƙarƙashin tsohuwar mota ba alheri ba ne. Abin haushin shi ne motocin Arizona da Kalifoniya, masu tsabtar ƙarƙashi, su ne kuma aka fi samu marasa fowil, tunda a mafi yawan garuruwan can ba ƙanƙara.

Sauran ƙanana ne. Sienna mai AWD ta shekarun 2004 zuwa 2020 ba ta zuwa da safaya, ka tanada kafin ka nufi Mai'adua. Fowil ba ta ƙara birki ko kaɗan, nauyi ma ta ƙara, don haka cikin hazon Disamba da Janairu ka rage gudu kamar kowa, ka kuma riƙa kakkaɓe iyakilina. Man aksul da na akwatin fowil ana canza su, ba baƙin mai kaɗai ba, musamman bayan an shiga ruwa. Idan ka kafe a rairayi, ɗaga ƙafa daga totur, ka kashe maɓallin hana zamewa, ka tone gaban tayoyin da shebur, ka sa katako ko karan dawa.

Ƙorama kuwa, Hilux ta zamani santimita 70 aka ce tana iya shiga, kuma wannan a ruwa mai kwanciya ne da ƙasa mai tauri. Ƙoramun nan namu na yashi suna cika cikin ɗan lokaci ko da ba a yi ruwa a inda kake ba, ƙasan kuma zaizayewa take ƙarƙashin taya. Ka sauka ka tambayi mutanen wurin, ka jira har ka ga ruwan ya ja. Idan kuma ta kai ga ja da igiya, a ɗaura ta a ƙugiyar da ke jikin shasi, kada a ɗaura a bamba ko a ƙwallon jan tirela, kuma a kori yaran da suka taru kallo su yi nisa fiye da tsawon igiyar kafin a taka mota.