Babi na Shida: Na'urar Ji da Fita Tattaki

Darasi na 1

Iyayena, sannunku da ƙoƙari. Na daɗe ina lura da wani abu a ajin nan: duk wanda kunnensa ya yi nauyi, sai ya rage fita. Ƙafarsa lafiya lau, tsoro ne kawai. Mota ta taho ta bayansa bai ji ba, an gaishe shi bai amsa ba, sai ya ce gara ya zauna a ɗaka. Zaman kuwa shi ke sandarar da gwiwa.

Ba ku kaɗai ba ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a cikin waɗanda suka haura shekara 60, fiye da kashi 25 cikin 100 suna fama da rashin ji mai takura musu. Ita dai hukumar tana so dattijo ya motsa jiki aƙalla minti 150 a mako, wato minti 30 a rana har kwana 5. Saboda haka na'urar ji ba ta ajiya ba ce. Da ita za ku fita.

Darasi na 2: Sa na'ura a kunne

A nan aka fi tuntuɓe, don haka a nan za mu daɗe.

Ku wanke hannu, ku goge shi ya bushe. Ku zauna a bakin gado, don ko ta suɓuce ta faɗi a kan abu mai laushi. Yanzu ku duba jikinta, akwai 'yar alama mai launi. Ja na kunnen dama ne. Shuɗi na kunnen hagu ne. Ku faɗa da baki: ja dama, shuɗi hagu.

Ku rataya babban ɓangaren a bayan kunne. Da ɗaya hannun ku ja saman kunnen sama kaɗan, sannan ku tura ɗan kan mai laushi cikin ramin kunne, a hankali, har ya zauna daram. In kun ji tana fito, ƙiii, yawanci bai shiga sosai ba ne, sautin yana tsiyayowa waje yana komawa cikinta. Ba lalacewa ta yi ba. Ku ciro, ku sake.

Mu maimaita. Ja dama, shuɗi hagu. A ja kunne sama. A tura har fiton ya tsaya. Madalla, Baba, haka ake yi. Hannu yana rawa? Ba komai, babu mai koran ku.

Amma fa zan faɗi gaskiya. Sau nawa na ga an zo aji da ja a kunnen hagu, ana cewa na'ura ba ta aiki? Kowace an daidaita ta ne da kunnenta, kamar gilashin ido. Wanda ya musanya su ya fita titi, kansa ya cuta. Don Allah a duba launi kafin a sa. Ja dama, shuɗi hagu.

In sabon batir ne, ku ɓare 'yar takardar da ke manne da shi, ku jira minti 1 kafin ku sa, domin da iska yake aiki.

Darasi na 3: Bayan an dawo

Gumi yana ɓata na'ura. Ku cire ta, ku goge da busasshen ƙyalle. Da dare ku buɗe murfin batir ta sha iska. Ban da shanya ta a rana, ban da kusa da wuta, ban da shiga wanka da ita. Da safe kuma: ja dama, shuɗi hagu.

Darasi na 4

Ku riƙe bayan kujera, ku ɗaga ƙafa ɗaya, ku ƙirga 10, ku sauya. Kwana 3 a mako. Yana rage faɗuwa.

Darasi na 5

In jiri ko ciwon ƙirji ya taso a hanya, ku tsaya, ku ga likita.