Ga mai renon ɗan kaktus ɗin nan marar ƙaya

Assalamu alaikum 'yan uwa. Duk wanda Allah ya ba shi Astrophytum asterias, ɗan kaktus (tsiro mai ajiye ruwa a jikinsa) mai kamar ƙwallon da aka danne, mai tsaga takwas da ɗigo-ɗigon fari, don Allah ya rage masa ruwa. Asalinsa busassun filayen kudancin Texas a Amurka da Tamaulipas a Meziko, kuma yawan ban ruwa ne ke kashe shi. Saiwar takan ruɓe a ɓoye, kafin ka ankara jikinsa ya yi laushi.

Sa shi a tukunyar ƙasa mai huji a gindi. Tsakuwa da yashi mai tsakuwa su fi ƙasar shuka yawa. Kada ka zuba ruwa sai ƙasar ta bushe ƙayau har ƙasa, lokacin sanyi kuwa ka bar shi haka nan. Da damina a shigar da shi ƙarƙashin rumfa.

Ranar safe ta ishe shi, don a daji ma gindin ciyayi yake fakewa. Girmansa sannu ne, sai haƙuri kafin ka ga furen nan rawaya mai ja a tsakiya.

In za ka saya, nemi wanda aka shuka daga iri, na daji yana gab da ƙarewa.