Yadda na gyara matsalar sirri ina aikin lauya daga gida a Nima

Gidanmu a Nima, wata unguwa a birnin Accra, ɗakuna ne a jere, abin da ka faɗa a naka maƙwabci ya ji. Ga shi yawancin aikina shari'ar gado ce da ta fili, masu ƙara kuma mutanen zango ne, kowa ya san kowa. Har wasu suka fara rage magana a waya.

Sai na mayar da teburina ƙuryar ɗaki, na rataya labule mai kauri, na daina sa waya a lasifika. Kiran masu ƙara sai da hantsi, yara suna makaranta. Takardu suna cikin akwatin ƙarfe mai kwaɗo.

Mai wuyar ita ce baƙi. Na roƙi Inna, in ta ga ƙofa a rufe ta ce su dawo bayan La'asar.