Kurakuran da aka fi yi wajen ɗebe kashi daga kashi idan lambobin ƙasa sun bambanta

Babban kuskure shi ne ɗalibi ya ɗebe sama daga sama, ƙasa daga ƙasa. A ba shi 3/4 − 1/3, sai ya ce 3 a cire 1 saura 2, 4 a cire 3 saura 1, amsa 2/1, wato 2. To yaya za a rage wani abu daga abin da bai kai ɗaya ba, a samu biyu? Lambar ƙasa ba adadi ba ce da ake ɗebewa, girman yanka take faɗa. Yankan rubu'i daban, na sulusi daban, dole sai an mai da su ma'auni ɗaya. A nemi ƙaramar lambar da 4 da 3 duk suke raba ta ba saura, ita ce 12. Sai 3/4 ya koma 9/12, 1/3 ya koma 4/12, amsa 5/12. Masu rabon gado sun san wannan lamba da sunan asalin mas'ala.

Na biyu ya fi ɓuya, domin mai shi ya kama hanya. Ya samo 12 ɗin, amma ya bar lambobin sama yadda suke: 5/6 − 1/4 sai ya rubuta 5/12 − 1/12. Duk lambar da aka ninka ƙasa da ita, da ita za a ninka sama. 6 sau 2 ne ya ba da 12, don haka 5 ya zama 10; 4 sau 3 ne, don haka 1 ya zama 3. Amsa 7/12. Wasu kuma ƙari suke yi maimakon ninki, su ce 2/3 daidai yake da 5/6 don sun ƙara 3 sama da ƙasa. A'a, 4/6 ne.

Ninka lambobin ƙasa da juna ba laifi ba ne, sai dai yana kumbura aiki. A 7/12 − 5/18 zai kai ka 216, alhali 36 ta isa: 21/36 − 10/36 = 11/36. In ka bi doguwar hanyar, kada ka manta ka rage amsar.

Inda ma masu ƙoƙari ke tuntuɓe shi ne wurin aro. Ɗauki 3 1/4 − 1 2/3. Bayan daidaitawa ya zama 3 3/12 − 1 8/12. Ganin 8 ba ya fita daga 3, sai a juya a ce 8 a cire 3, a rubuta 2 5/12. Wani kuma ya aro 10 kamar yadda ya saba a lissafin lambobi cikakku, ya samu 13/12. Ɗayan da ake arowa a nan 12/12 ne, saboda haka 3 3/12 ya koma 2 15/12, amsa kuma 1 7/12. Don tabbatarwa, haɗa 1 7/12 da 1 8/12: za ka samu 2 15/12, wanda shi ne 3 1/4 da aka fara da shi.